Dattijon Da Ya Ce A Kori Lonjezo

Akwai wani dattijon ikilisiya a ƙauyenmu na Chisamba, can gefen Kasungu, sunansa Kamwendo. Shi ke da injin niƙan masarar da duk garin ke zuwa. Shi ke riƙe da makullin coci. Shi ke wa'azi duk Lahadin da Fasto bai zo ba, Fasto kuwa coci-coci ne da yawa a wuyansa, sai mu daɗe ba mu ga ƙeyarsa ba.

Kada in ci haƙƙin mutumin. Kamwendo ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, kuma bai taɓa ɗaga wa matarsa Enelesi hannu ba. Abu ɗaya ne ya same shi. Ya daɗe yana buɗe ƙofar gidan Allah yana rufewa, har ya fara jin kamar gidan nasa ne.

Allah bai ba su haihuwa ba. Saboda haka Enelesi ta juye duk ƙaunarta kan Lonjezo, ɗan ƙanwarta Dorika. Mijin Dorika ya rasu tun yaron yana rarrafe, ita da Enelesi suka rene shi. Da ya girma ya tafi birnin Lilongwe aikin kafinta.

Wata safiya sai ga Lonjezo ya sauko daga motar haya. Hannu ɗaya a ɗaure, leɓe a fashe, kayansa duka a cikin buhun taki. Amma labarin ya riga shi isowa. Wai maigidan hayarsa ya gane ba mata yake so ba, maza yake so. Aka tara masa unguwa, aka yi masa duka, aka watso kayansa kan titi.

Jama'a, ranar ba a yi ciniki a kasuwa ba. Tumatir ɗina har ya yi laushi ba wadda ta taya, kowa baki buɗe.

"Ɗan Dorika? Wannan mai kunyar?"

"Yesu! Ni fa na so in ba shi 'yata."

"To gode wa Allah ba ki kai ga sayen tukwane ba."

"Birni ne. Duk abin da ka aika birni sai ya dawo a karkace."

Lonjezo ya shige ɗakin uwarsa ya rufe. Ya daɗe ba a gan shi ko a bakin rijiya ba.

Sai wata Asabar da yamma, zumuntar matasa suna koyon waƙa a gindin mangwaron coci, suka hango shi tsaye daga nesa. Shugabarsu wata yarinya ce mai ɗinki, Tiyanjane. 'Yar ƙarama ce, amma bakinta ya fi allurarta kaifi. Ta ɗaga hannu, masu ganga suka tsaya.

"Kai Lonjezo, gadi aka ɗauke ka? Ko ka matso ko ka wuce, kana raba mana hankali."

Ya matso kaɗan, kansa a ƙasa. "Kun ji abin da ake faɗa a kaina."

"Har awakin garin nan sun ji."

"To ba ƙarya ba ne."

Kowa ya zaci zai rantse ya ce sharri aka yi masa, a ce to Allah ya kyauta, a wuce wurin. Amma yaron bai rantse ba.

Ya ce, "Tun ina ƙarami haka na tsinci kaina. Na yi azumi. Na hau dutse na yi addu'a har muryata ta dushe. Ban zo in koya wa kowa komai ba, kuma ban zo neman kowa ba. Waƙa kawai nake so in yi wa Allah. Idan na zauna ni kaɗai a ɗakin nan, tunanin da ke zuwa mini ba mai kyau ba ne."

Wani saurayi ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Ni dai ba zan zauna benci ɗaya da shi ba."

Tiyanjane ta kalle shi sama da ƙasa. "Kai? Bara da ka yi wa 'yar mutane ciki, wa ya tashi daga bencinka? Mu ne fa muka je muka roƙa maka gafara, har da ɗinka wa jaririn riga."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Saurayin ya tafi, wasu kaɗan suka bi shi. Sauran suka kalli juna.

Tiyanjane ta ce, "Ni ba Fasto ba ce, ban san amsar komai ba. Abin da na sani, mutum ya zo ƙofar Allah da hannu a karye yana cewa zai yi waƙa. Duk wanda ke ganin aikinsa ne ya kore shi, ya ɗaga hannu mu gan shi."

Ba wanda ya ɗaga.

"To zauna. Dama tun tafiyarka masu babbar murya suke kuka kamar kwaɗi."

Washegari Lahadi, coci ya cika. Matasa suka shigo a jere suna waƙa suna taka rawa kamar yadda suka saba. A layin baya, ga Lonjezo.

Kai! Wata tsohuwa a gefena ta saki littafin waƙarta. Iyaye mata suka fara janye yara zuwa jikinsu. Kamwendo yana gaba, ya cire tabarau ya goge ya mayar, don ya zaci idonsa ne. Da ya tabbatar, sai ya buga tebur.

"A tsayar da gangar nan!"

Waƙar ta mutu a tsakiya.

"Wa ya shigo da wannan ƙazanta gaban Ubangiji?"

Tiyanjane ta fito ta durƙusa. "Baba dattijo, mu ne. Ya roƙa, muka karɓe shi."

"Kun karɓe shi. Ku su wa? Kun san abin da yake?"

"Shi da kansa ya gaya mana, Baba."

"Ya tuba?"

"Baba, ba mu tambayi kowa a cikinmu wannan ba kafin ya zauna. Mun ɗauka a ciki ake jin Maganar da ke gyara mutum, ba a waje ba."

Aka yi "Af!" a ko'ina. Ba a taɓa jin yarinya ta mayar wa Kamwendo magana a coci ba.

Fuskarsa ta kumbura. Ya ce, "Ku zaɓa yanzu. Ko ku fitar da shi, ko babu sauran zumuntar matasa a cocin nan."

Matasan suka tsaya ƙiƙam. Lonjezo ya juya zai fita da kansa, wani yaro ya riƙe masa riga ta baya. Ba wanda ya motsa.

Nan take Kamwendo ya sa aka kwashe gangunan aka kulle a ɗakin ajiya. Sannan ya juya ɓangaren zumuntar mata, inda suke zaune cikin fararen rigunansu da fararen ɗankwalaye.

"Dorika! Ko ki fitar da shi daga gidanki, ko ki ajiye kayan zumunta. Mace ba ta sa farin kaya tana ɓoye baƙin abu a ɗaki."

Ku da ba ku sani ba, farin kayan nan ba wasa ba ne a wurinmu. Da shi ake saka mace a akwati. Dorika ta sa nata tun kafin ta haifi yaron.

Ta miƙe a hankali. "Mijin yaya, ni ma da na ji, sai da abinci ya gagare ni. Na yi kuka na tambayi Allah me na yi masa. Amma in kore shi ya je ina? Wurin waɗanda suka karya masa hannu, su ƙarasa ɗayan?"

Ta kai hannu ta kwance farin ɗankwalinta, ta ninke, ta ajiye a kan teburinsa. Ta tsaya kai a buɗe a tsakiyar coci, furfura a waje.

"Rigar zan aiko maka in na wanke. Ɗan kuwa ba na aikowa."

Mata suka rufe fuska. Wasu suka fashe da kuka.

Kamwendo ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Kun san dokar ƙasar nan. Idan aka gama cirar gyaɗa yaron nan yana garin nan, da kaina zan hau keke in je wurin 'yan sanda."

Daga ranar garin ya rabu. Wasu suka ce dattijo ya yi daidai, in aka bar ɗaya gobe goma ne. Wasu suka ce matasan nan wayar hannu ce ta cinye musu kai. Wasu iyayen suka hana 'ya'yansu fita ranar Asabar. Waɗanda suka rage suka koma tsakar gidan Dorika, suna kiɗa da bokiti da tafi.

Enelesi kuwa dama ba ta da ƙoshin lafiya, zuciya ke damunta. Ba mai yawan magana ba ce. Amma maƙwabta sun ji ta wata rana tana zuba masa tuwon masara tana cewa, "Maigida, yaron nan a bayana ya yi barci. Ka bar wa Allah shari'arsa mana."

Ya ce, "Ke mace ce, tausayi ke ruɗinki. Ni za a tambaya a kan garken nan."

"Za a kuma tambaye ka wanda ya ɓata daga ciki."

Ya ture kwanon ya fita. Ita kuwa kullum da rana sai ta rufe kwano da miyar ganyen kabewa da gyaɗa, ta lallaɓa gidan ƙanwarta, ta zauna sai ta ga yaron ya cinye.

Ana tsakar cirar gyaɗa, kowa ya zuba ido ya ga ko Lonjezo zai gudu ko 'yan sanda za su zo, sai ga abin da ba wanda ya shirya masa. Enelesi ta sunkuya a gona da safe za ta ɗauki kwando, ta kife. Kafin a samo keken da zai kai ta asibiti, rai ya yi halinsa.

Duk garin ya girgiza, don babu gidan da bai taɓa cin abincin matar nan ba.

An rushe zumuntar matasa, amma da gari ya waye su ne a maƙabarta da fartanya da shebur. Su suka haƙa kabarin. Su kuma suka ɗauki akwatin, don haka aka saba. Ana tafiya ana waƙa, wanda ya gaji ya zame, wani ya sa kafaɗa.

An kai tsakiyar hanya, wani ya zame, Lonjezo ya sa kafaɗarsa mai lafiya yana hawaye.

Kamwendo yana biye a baya, maza biyu suna riƙe da shi. Ya ɗaga kai ya gani. Ya fizge jikinsa.

"A ajiye akwatin nan!"

Aka zaci baƙin ciki ne ya taɓa masa kai. Aka ci gaba da tafiya.

"Na ce a ajiye! Ɗan luwaɗi ba zai ɗauki matata ba!"

Masu ɗauka suka rikice. Wani ya saki, akwatin ya karkata, dole aka sauke shi a kan turɓayar hanya, ba tabarma ba komai.

Jama'a, na binne miji, na binne iyaye, na raka gawar da ba zan iya lissafawa ba. Ban taɓa ganin an ajiye mamaci a tsakiyar hanya kamar buhun gawayi ba. Mata suka ɗora hannu a ka suna ihu. Tsofaffi suka juya baya don kada su gani.

Akwai baƙi da yawa daga ƙauyukan kewaye. Da suka ji kalmar nan, sai wasu samari suka fara matsowa. "Wanne ne? Nuna mana shi!" Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse.

Sai Tiyanjane ta matso. Ta kama hannun na kusa da ita, shi ma ya kama na gaba. Kafin ka ce me, matasan sun zagaye Lonjezo da akwatin, fuskokinsu na waje, suka ɗauki waƙar daga inda ta tsaya. Ba wanda ya saki hannu.

Sai ga wani tsoho ya ratso taron da sandarsa. Laitoni ke nan, yayan Enelesi da Dorika, kawun Lonjezo, babban gidansu. Mutum ne da ba ya shiga harkar coci sosai, taba kawai yake nomawa. Ya tsaya gaban Kamwendo.

"Suruki, matarka ce, ba mu musa ba. Amma 'yar'uwarmu ce kafin ka san ta. Kabarin da za ta shiga a ƙasar iyayenta mata yake. Yaron nan jininta ne. Kai ne ka sa aka ajiye ƙanwata a ƙasa?"

Kamwendo ya buɗe baki.

"Rufe. Yau ba wa'azi. Mu haɗu ranar aski."

Ya juya ga mai dutsen. "Kai kuma ɗan wa ne? Ajiye, ko in aika wa kawunka." Dutsen ya faɗi. Aka ɗaga akwatin, Lonjezo na cikin masu ɗauka har bakin kabari.

Da aka ji "ranar aski", sai kowa ya tuna abin da Kamwendo kansa ya manta. Mu a nan namiji ne ke tarewa garin matarsa. Ƙasa ta mata ce, 'ya'ya na dangin uwa ne. Idan mace ta rasu, ranar da ake aske wa masu makoki kai, danginta kan zauna su yanke: ko su ce wa mijin zauna, ko su gode masa su sallame shi ya koma garinsu. Kamwendo daga duwatsun Dedza ya zo tun yana saurayi da akwatin ƙarfe ɗaya. Gidan bulo da ya gina, da injin, da gonar, duk a ƙasar su Enelesi suke. Kuma babu ɗa ko ɗaya da zai tsaya masa.

Ranar ta zo. Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya. Kamwendo ya zauna a ƙasa, kai a aske, ba takalmi, ba kwat, ba tabarau. Sai na ga ashe ɗan ƙaramin tsoho ne.

Laitoni ya fara. "Suruki, ka zauna da mu lafiya shekaru masu yawa. Ka riƙe ƙanwata da mutunci. Amma abin da ka yi a hanya, ko mahaukaci bai taɓa yi mana ba. Dorika, ke ce uwar gidan yanzu. Me kika ce?"

Dorika ta gyara zama. "Me zan ce? Ya tuɓe ni a gaban jama'a. Ya yi wa ɗana alkawarin kurkuku. Ya ajiye yayata a turɓaya. A gode masa, a ba shi akwatin ƙarfensa. Injin ya kwance ya ɗora a ka in zai iya."

Dangi suka amsa, "Haka ne. A sallame shi."

Kamwendo ya ɗaga kai, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yaya Laitoni, wa na sani a Dedza? Iyayena sun mutu, 'yan'uwana sun mutu. Ko inda gidanmu yake ban tabbata zan gane ba."

Dorika ta ce, "Au, ashe ka san kora da ciwo?"

Laitoni ya ɗaga hannu. "Ni ma ban ji daɗin abin da na ji game da yaron nan ba, kada wani ya ce na ji. Amma ɗan ƙanwata ne, shi zai gaje ni, kuma shi aka fi ɓata wa. To ga abin da na gani. Suruki zai zauna, amma da sharaɗi. Ya janye maganar 'yan sanda, ya buɗe wa yaran nan gangunansu, ya bar Lonjezo ya koma cikinsu. In ya ƙi, motar Dedza tana wucewa kullum. Lonjezo, ya yi maka?"

Ni a raina na ce, yawwa, wannan tsoho ya iya ciniki. Kaya na hannunka, mai saye ba shi da wata rumfar zuwa, ai sai ka faɗi farashinka.

Lonjezo yana can gefe. Ya matso ya durƙusa.

"Kawu, na gode. Amma kada ku saya mini wurin zama a coci da gidan tsoho."

"Me ka ce?"

"In ya bar ni na shiga don tsoron kada a kore shi, kullum zai riƙa kallona yana ganin wanda ya shaƙe masa wuya. Ni kuma kullum in riƙa waƙa ina sanin da ƙarfi na ƙwata. Ba na so. Ku bar Baba ya zauna, ba sharaɗi."

Dorika ta zabura. "Kai, dukan da aka yi maka har ƙwaƙwalwa ya taɓa? Mutumin nan gobe zai hau keke ya kira maka 'yan sanda!"

"Wataƙila, Mama."

"Wataƙila! Ku ji mini yaro!"

"Mama, ni na tsaya a titi da kayana a buhu, mutane na kallo, ban san ko dama zan bi ko hagu ba. Ni da ƙuruciyata ma da ƙyar na kai. Shi a shekarunsa ba zai kai ba. Kuma Mama babba ba za ta so a ce daga binne ta aka watsar da mijinta ba. Shi ya koya mini riƙe guduma. Shi ya kai ni aka yi mini baftisma. Abin da ya yi mini ya yi, amma ban iya yi masa irinsa."

Ni dai tunda nake kasuwa ban taɓa ganin mai kaya ya bayar kyauta a ranar da kayansa suka fi tsada ba. Na riƙe baki.

Laitoni ya buga sandarsa a ƙasa. Sannan ya ce, "Mai gado ya yi magana. Suruki, zauna. Gidan naka ne har Allah ya kira ka."

Kamwendo bai ce na gode ba. Ya tashi yana tangaɗi ya shige gida ya rufe ƙofa. Injin bai yi kuka ba har ƙarshen makon. Dorika kuwa ta daina yi wa ɗanta magana, sai dai ta dangwarar masa da kwano ta ce, "Ci, waliyyi. Ka ƙoshi kafin su zo."

An gama cirar gyaɗa. Ran Lahadi cocin ya cika har tagogi, har waɗanda rabonsu da coci tun bikin Kirsimeti. Kowa ya zo ganin abin da dattijo zai yi.

Matasan suka zauna a bencin baya, ba ganga. Lonjezo bai shigo ba. Ya tsaya a waje gefen taga, don bai so a sake tayar da fitina saboda shi.

Kamwendo ya fito gaba. Ya buɗe littafinsa, ya kalla, ya rufe. Ya sauko ya bi tsakiyar coci har ƙofa, mutane na juyawa suna binsa da ido. Ya fita. Sai ga shi ya dawo riƙe da hannun Lonjezo.

Ya tsaya da shi a gaban kowa.

"'Yan'uwa, abin da na karanta na karanta, kuma ban zo in ce muku na daina gaskata shi ba. Ni da yaron nan akwai maganar da ba mu gama ba, wataƙila har in mutu ba za mu gama ba. Amma ku ji. Ni na ce a kore shi. Shi ya ce a bar ni. Ni na yi shekaru ina wa'azi, shi an hana shi ko waƙa. Ku gaya mini, ranar askin nan, a cikinmu biyu wa ya yi kama da Yesu?"

Wani dattijo ya tashi ya tattara iyalinsa suka fita, wani gida ma ya bi su, kuma har yau ba su dawo ba. Kamwendo ya bi su da kallo, bai kira su ba, bai kuma saki hannun yaron ba.

Ya juya baya. "Tiyanjane, 'yata. Ga ɗan'uwanku. Babu ɗan sandan da zai zo garin nan ta bakina. Duk wanda kuma zai taɓa shi, ya fara da ni."

Tiyanjane ta share ido da gefen zaninta. "To Baba dattijo, a bokiti za mu ci gaba da kiɗa?"

Cocin ya fashe da dariya da kuka a haɗe. Tsohon ya laluba aljihu, ya ciro makullin ɗakin ajiya ya miƙa mata.

Lonjezo ya koma layin baya cikin masu babbar murya. Da suka ɗauki waƙa, Kamwendo bai koma kujerarsa ta gaba ba. Ya zauna a ƙarshen bencin matasa, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza.

Darasi: Ni ban yi karatu mai nisa ba, gardamar malamai kuma na bar wa malamai. Amma wannan na gani da idona. Idan matasanku suka buɗe wa irin Lonjezo ƙofa, kada ku fara da duka, ko kora, ko tona asiri, ko 'yan sanda. Ku zauna da su, ku ji, ku faɗi abin da kuka gaskata ba da wulaƙanci ba, ku yi addu'a, shari'ar zuciya kuma ku bar wa Mai ita. Riƙe makulli ba ya sa gida ya zama naka. Dukanmu alheri ne ya ba mu wurin zama a gidan Allah, kuma wanda kake turawa waje yau yana iya zama shi zai roƙa a bar ka gobe. Ku tura wannan ga dattawanku da iyaye da shugabannin matasa, wataƙila akwai wani yaro da ke tsaye a gefen taga a cocinku.